Programmable Search Engine na Google: tace sakamako da laƙabi fiye da ɗaya

Wanda yake da shafin intanet mai rubuce-rubuce da yawa, kuma yana son akwatin bincike ba tare da ya gina nasa ba, galibi wurin Google yake fara zuwa. Kamfanin ya fito da wannan hidima a 2006 da sunan Custom Search Engine, daga baya ya sauya mata suna zuwa Programmable Search Engine. Kafa ta bai fi aikin minti goma ba: ka lissafa adireshin shafukan da za a bincika, ka kwafi ɗan layin da aka ba ka, ka liƙa a shafinka. Kyauta ce, sai dai tallace-tallace na fitowa a saman sakamako. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da ka so mai karatu ya tace sakamako da rukuni biyu a lokaci guda.

Da laƙabi, wato sunan rukuni da ake manna wa shafuka, ake tace sakamako, ga kuma yadda yake aiki. A sashen Refinements na saitunan hidimar kake ƙirƙirar sa, misali "wasanni", sannan ka manna shi a kan wani tsarin adireshi, kamar duk abin da ya fara da /wasanni/ aka bi shi da alamar tauraro. Za a tambaye ka abin da laƙabin zai yi: ko ya tsaya a kan shafukan da aka manna masa kaɗai, ko ya ɗaga su sama ya bar sauran a ƙasa. A fayil ɗin XML mai ɗauke da saitunan ana kiran na farko FILTER, na biyu BOOST, kuma nauyin ɗagawar yana tsakanin -1.0 da 1.0. Wanda ya zaɓi BOOST bai lura ba zai ga kamar tacewa ta ƙi aiki, domin labarin siyasa zai riƙa kutsowa cikin wasanni.

Laƙuban suna fitowa a jere a saman sakamako, kuma ɗaya kawai ake iya dannawa. Ka danna "Kano" bayan "wasanni", sai na farkon ya saki. Adireshi ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi biyu ko uku, amma akwatin da Google ya tanada bai ba mai karatu hanyar haɗa su ba. Wannan babbar naƙasa ce ga jarida ko kundin makaranta, inda tambayar mutum kusan kullum mai fuska biyu ce: wane fanni, kuma wace jiha ko wace shekara.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce laƙabin haɗaka, irin wasanni_kano, a manna shi a kan adireshin da ya cika sharuɗɗan biyu. Tana aiki, amma lissafi yana saurin ƙure ta. Laƙabi 16 ne iyakar abin da ake nunawa, fanni 4 da jiha 5 kuwa sun riga sun zama 20. Ban da haka, laƙabi adireshi yake bi, ba abin da ke cikin rubutu ba. Idan adireshin rubuce-rubucenka kwanan wata ne da take kawai, babu sunan rukuni a ciki, to sai dai ka manna wa kowane shafi da hannu, iyakar adireshin da za ka iya shigarwa kuma 5,000 ce.

Hanyar da ta fi tsayawa da ƙafarta ita ce a bar laƙabi a koma ga bayanan da aka dasa cikin shafin kansa, wato PageMap ko alamomin meta. A saman kowane rubutu sai a sa sifofi biyu, a ce fanni da jiha, ƙarƙashin nau'i guda kamar labari. Daga nan tambayar da ake aika wa Google sai ta ɗauki ƙari biyu: more:pagemap:labari-fanni:wasanni da more:pagemap:labari-jiha:kano. In an jera su tare, sakamakon da ya cika duka biyun ne yake fitowa. A cikin sifa guda kuma, waƙafi yana nufin "ko", tauraro yana nufin "da", don haka kano,katsina zai kawo na kowace daga jihohin. Akwatunan zaɓin da mai karatu zai danna, kai za ka rubuta su da JavaScript, yaren da ake tsara ayyukan shafin intanet da shi, su haɗa wannan ƙari su liƙa a bayan kalmar da ya rubuta.

Abubuwa uku ne suka fi ɓata wannan aiki. Na farko jira: Google ba ya ganin sabuwar sifa sai manhajarsa ta sake ziyartar shafin, tsofaffin rubuce-rubuce kuma ba a yawan komawa kansu, don haka tacewar za ta riƙa nuna rabi da rabi na wani lokaci. Neman sake dubawa ta Search Console, hidimar Google ta masu shafuka, yana taimakawa ga shafuka kaɗan. Na biyu, ana datsa abin da aka rubuta a cikin sifa kalma-kalma, saboda haka "Birnin Kebbi" da "Birnin Kudu" duk za su amsa kiran birnin. A rubuta su a haɗe, birninkebbi. Na uku, ƙ da ɗ da ɓ a bar su a sunan da mai karatu zai gani, na cikin tambaya kuwa a yi shi da ƙananan haruffa marasa lanƙwasa, don kada wani edita ya rubuta da k wani da ƙ rukuni ya rabu biyu.

Ga mai shafin da adireshinsa ya riga ya rabu fanni-fanni, kuma tacewa ɗaya ta ishe shi, hidimar ta biya buƙata. Mai tattaro shafukan wasu ba zai iya dasa musu PageMap ba, laƙabin haɗaka ne abin hannunsa. Kantin da ke son tace kaya da farashi da launi da girma, tare da adadin kowane rukuni a gefe, gara ya nufi wasu manhajojin bincike irin Algolia ko Meilisearch tun farko, domin akwatin Google ba ya nuna wannan ƙidaya.