Bishiyar da iska ta karya: a rage mata rassa ko a sare ta?

Duk iskar farkon damina a Katsina sai ta bar bedi da mangwaro a kakkarye, washegari kuma masu gatari sun iso ƙofar gida. Kafin ka yi ciniki da kowa, fara tambayarsa yadda za a biya shi. Wanda zai ɗauki itacen a bakin ladansa, da wuya ya ce maka bishiyar za ta rayu. Ni na fi son a biya kuɗin aiki, itacen ya zama na mai gida.

Sannan ka duba bishiyar da kanka, daga ƙasa. Idan ta karkata a dare ɗaya, ƙasa ta tsage a gindinta, saiwa ta ɗago, to babu gyara, a sare ta, musamman in tana kallon ɗakin kwana ko hanyar yara. Haka in gangar jikinta ta rabe biyu. Ƙwanƙwasa ta da ƙotar gatari: ƙarar kogo na nufin gara ko ruɓa sun cinye ciki. Kankare ɓawon reshe da wuƙa. In ka ga ɗanye, akwai rai.

Amma karyewar reshe ɗaya ko biyu ba hujjar sara ba ce. Bedi akwai taurin rai, ko kututture aka bari sai ya yi toho. Ragin rassa ya fi arha, inuwarka kuma tana nan lokacin zafin Afrilu. Sharaɗin shi ne a yanka daidai inda reshen ya haɗu da uwar, kada a bar dungu, kada kuma a cire fiye da kashi 1 cikin 4 na ganyenta a lokaci guda. Kada ka yarda a cika kogo da siminti ko a shafa baƙin mai a wurin yankan. In kauci ne ya kama reshe, reshen kaɗai za a cire.

Gawo kuwa, don Allah a yi hattara. Da damina yake zubar da ganye, ba mutuwa ya yi ba. Kuka ma takan daɗe da kogo a cikinta tana ba da miya.

In rassan na taɓa wayar lantarki, a kira kamfanin rarraba wutar lantarki na KEDCO su ɗauke wuta tukuna. In kuma bishiyar a bakin titi take, a nemi izinin malaman daji kafin a ɗaga gatari.