Waya, faifan Pikachu ko agogon hannu: da wanne za ka auna barci a Pokémon Sleep?

Wasan Pokémon Sleep ya fito ne a watan Yulin 2023, kuma dokarsa ɗaya ce: ka kwanta ka yi barci. Da safe Farfesa Neroli, mai binciken barci na cikin wasan, zai duba yadda darenka ya kasance, sai ka tarar da 'yan Pokémon sun taru suna gyangyaɗi kewaye da ƙaton Snorlax, wani Pokémon sarkin barci da kake ciyarwa a wasan. Mutum baligi yana buƙatar barcin awa 8 da rabi kafin ya sami maki 100 cif. Abin tambaya shi ne, wa zai shaida wa wasan cewa ka yi barcin? Hanyoyi uku ne, kuma bambancin kuɗinsu ba kaɗan ba ne.

Ta farko ita ce wayar da ke hannunka, ko sisi ba za ka ƙara ba. Ka buɗe wasan, ka jona caji, ka kifa wayar a kan katifa kusa da matashin kai. Tana jin motsin katifar duk lokacin da ka juya, makirufonta kuma yana naɗar sauti. Ni dai ranar da na fara sauraren munsharina sai da na nemi gafarar maiɗakina, domin shekara da shekaru ina musanta zancen.

Amma wayar tana da sharuɗɗa. Motsin katifa take karantawa, don haka wanda zafi ya kora tsakar gida ya shimfiɗa tabarma a kan siminti, awon da zai samu ba abin dogaro ba ne. In kuma ku biyu ne a gado, ko akwai yaro mai birgima, juyinsu na iya shiga lissafinka. Ga batun caji: wasan a buɗe yake kwana, in aka ɗauke wuta tsakar dare kana iya wayar gari da mataccen batir. Kada kuma ka kuskura ka tura ta ƙarƙashin matashi ko bargo, masu wasan da kansu sun hana, saboda zafin da take ɗauka.

Ta biyu ita ce Pokémon GO Plus +, wani ɗan faifai ja da fari mai siffar ƙwallon kama Pokémon, wanda ya shiga kasuwa ranar 14 ga Yulin 2023 a kan dala 54.99 a Amurka. Ka danne maɓallin tsakiya, ka ajiye shi gefen matashi, shi ke nan. Wayarka ta huta a kan tebur, da safe ka haɗa su ta Bluetooth. Muryar Pikachu na rera maka waƙar lallashi, kuma a cikin wasan ana ba ka Pikachu mai hular barci ya riƙa taya ka aiki. Gwanin sha'awa, ba musu. Sai dai a lura, shi ma ba a jiki ake ɗaura shi ba, a kan katifa yake kwana, don haka matsalar tabarma da ta abokin kwana tana nan daram. A ganina kuɗinsa ba ya fita sai ga mai buga Pokémon GO, wasan da ake yawo ana kama Pokémon, domin can ne yake juya PokéStop (wuraren tsintar kayan wasa) da jefa ƙwallo da kansa alhali waya na aljihu. In barcin kaɗai kake so, ka sayi doki ne don zuwa maƙwabta.

Ta uku agogon hannu. Tun watan Satumban 2024 wasan ya fara karɓar bayanan barci daga Apple Watch, Galaxy Watch, Google Pixel Watch da na'urorin Fitbit. Wannan ne kaɗai ke manne da jikinka, saboda haka ko gado ko tabarma, kai yake aunawa, ba shimfiɗa ba. Shi ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma akwai tarko: Apple Watch sai da iPhone, sabbin Galaxy Watch kuma sai da Android. Yawancin manyan agogunan kusan kullum sai an yi musu caji, ga shi daren da aka saba jona su yanzu suna wuyan hannu. Siraran Fitbit irin su Charge kan yi kwanaki. Wasu kuma ba sa jure roba a fata cikin gumin bazara.

Mai tashi Asuba ya koma, ko mai ƙailula, ya kamata ya san cewa wasan yana karɓar barci sau biyu a rana, amma kowanne sai ya kai minti 90 kafin a ƙirga shi.

Kafin ka aika a sayo maka komai, fara duba ko wasan yana fitowa a rumbun manhajojin wayarka, sannan ka yi mako guda da wayar kaɗai. Na san wanda ya yi odar faifan tun daga waje, kafin ya iso har ya gaji da ciyar da Snorlax ya goge wasan.