Hattara da masu tallan mayar da gareji ɗakin motsa jiki a Zariya

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, don ba ƙaramin abin kunya ba ne mutum da furfura a gemu ya fito ya ce an yi masa wayo. Amma shekaranjiya ƙanin wani abokina da ke zaune a Hanwa ya turo mini wata talla a WhatsApp, yana tambaya ko na san mutanen, wai da safe zai tura musu kafin alƙalami. Ina buɗewa na ga hoton da ya cinye mini kuɗi ne, suna kawai aka canza. A nan na ce shirun ya isa haka.

Ga wanda bai san ni ba, gudun dogon zango nake yi. Shekara da shekaru, da an sallame asuba nakan kama titi daga Kwangila in miƙe Samaru, ranar da jiki ya saki har in wuce jami'a in doshi Shika. Bara sai na ƙudurta shiga gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016, galibi kuma a watan Fabrairu ake yi, kilomita 42 da 'yan kai. Duk wanda zai yi wannan gudu, ainihin atisayensa a Nuwamba da Disamba da Janairu yake faɗawa, wato tsakiyar hunturu. Kun dai san Zariya a lokacin: hazo ya rufe gari, ka dawo gida maƙogwaro kamar an zuba yashi, ga tireloli da ba sa ganin mutum a duhun asuba, ga masu ƙwacen waya. Garejina kuwa tun da na sayar da tsohuwar motata babu komai a ciki sai buhunan masara da tsofaffin tayoyi. Na ce me zai hana in gyara shi, in sa injin gudu da keken motsa jiki, in huta.

A Facebook na ga tallar, suna kuma da shafi a Instagram. Wai kamfani ne da ke zuwa har gida ya mayar maka da gareji wurin atisaye cikin kwana 10: shimfiɗar roba, injin gudu, keke, injin tuƙin kwalekwale, madubi, manyan fankoki biyu, duka a kan N1,800,000. Na san ko injin gudu mai nagarta shi kaɗai zai iya cin wannan kuɗin. Na sani sarai. Amma da na tambaya, sai mutumin ya ce ai kayan wani gidan motsa jiki ne da aka rufe a ƙasar waje suka saro gaba ɗaya, ba su daɗe ana amfani da su ba. Bakinsa kamar zuma, daga "ranka ya daɗe" sai "Alhajina", ga Hausa tsantsa, ga in sha Allahu a kowace jimla. Ya kira ni ta bidiyo yana zagayawa cikin wani babban shago maƙare da injina, yana shafa su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya gama saye ni shi ne awo. Kwana biyu da fara magana sai ga wani saurayi a kan acaɓa, da rigar da aka buga wa tambarin kamfani, da tef ɗin awo da ɗan littafi. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ƙwanƙwasa daɓen siminti da dunduniya, ya zana mini a takarda inda kowane inji zai zauna. Ya ci tuwo a gidana. Na ce a raina ɗan damfara ba zai turo mutum har gida ba. Sai daga baya na lura cewa a duk tsawon awa ɗaya da ya yi, ko sau ɗaya bai tambayi wace irin wuta muke samu ba, bai kalli soket ba, bai ɗaga kai ya ga rufin kwano ne tsirara babu silin ba, bai ce uffan a kan cewa garejin ba shi da taga ba. Wanda ya san aikin da waɗannan zai fara, kafin ma ya zaro tef.

Aka ce in ba da N1,200,000 a fara, sauran idan an kammala. Lambar asusun da aka turo sunan mutum ce, ba sunan kamfani ba. Na tambaya, ya ce asusun kamfanin ya ɗan samu matsala, wannan na akawunsu ne. Mai ɗakina tana gefe tana tankaɗe ta ce, "Malam, yanzu cinikin biri za ka yi a sama?" Na ce mata ai ita ba ta san harkar intanet ba. Na tura.

Kwana 10 suka zama 20. Rannan da la'asar sai ga keke napep a ƙofar gida, da kwali ɗaya da ƙunshin shimfiɗa. Yaro ɗaya ne ya sungumi kwalin ya shigo da shi, abin da ya kamata ya sa gabana ya faɗi, don injin gudu na gaske yakan kai kilo 100, wani ma ya wuce, sai ƙarti biyu ko uku. Shimfiɗar kuwa ba roba ba ce, irin soson nan ne mai haƙora da ake haɗawa a ajin 'yan nazare, ka danna da yatsa ya lotsa. An haɗo da wani ɗan akwatin ƙarfe, wai sitabilaiza ce kyauta daga kamfani. Sauran kayan, in ji mai tallar, suna kan tirela daga Legas, sai dai in taimaka da N85,000 kuɗin lodi don direba ya ƙi tashi. Na sake turawa. Bayan mako guda kuma wai an tare motar a hanya, sai an ba da wani abu kafin a sake ta. Wannan karon na ƙi.

Injin an manna masa takarda mai ƙyalli an rubuta 3.5HP, wato wai ƙarfin doki uku da rabi. Na hau. Taku uku na ji ƙafata ta baya tana neman zamewa daga ƙarshen bel, dole na riƙa tsuke taku kamar mai tafiya a kan gadar katako. Da na ƙara sauri sai bel ɗin ya riƙa tsayawa yana fizga duk lokacin da na sauke ƙafa. Rana ta uku, minti 15 da farawa, na ji ƙaurin waya, ɗan akwatin nan ya yi zafi kamar dutsen guga, sai ɗif.

Na ɗauko wani dattijo mai gyaran kayan lantarki daga Sabon Gari. Ya kwance murfin gaba, ya haska fitilar waya, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, wa ya sayar maka da wannan? Ai na tattaki ne, ba na gudu ba." Ya nuna mini ɗan faranti da ke jikin moto: 110V. Wato an ƙera shi ne don wutar Amurka, mu kuwa tamu 230V ce. An yanke fulogin asali an sa irin namu. Akwatin da aka kira sitabilaiza ashe ƙaramar taransifoma ce mai rage ƙarfin wuta, wat 500 kacal take ɗauka, alhali ƙarfin doki ɗaya ma wat 746 ne. Ta ƙone, ta tafi da allon da ke sarrafa moto. Ƙarƙashin sabon fentin duk tsatsa ce, takardar 3.5HP kuwa da farce ya ɓamɓare ta.

A bakinsa, da kuma tambayar da na bi na yi daga baya, na koyi abin da ya kamata in sani tun kafin in taɓa aljihu. Ƙarfin doki iri biyu ake rubutawa. Akwai wanda moto ke kaiwa na ɗan ƙiftawar ido, shi masu talla ke bugawa da manyan baƙaƙe. Akwai kuma wanda zai iya riƙewa awa da awanni bai gaji ba, ana rubuta shi CHP, shi ne abin tambaya. Mai gudun dogon zango ya nemi wajen 3 CHP. Bel ɗin ya kai santimita 140 zuwa 150 a tsawo, faɗi wajen 50. Ƙananan injinan tattaki da yawa ba sa wuce kilomita 6 a awa, alhali wanda ke son gama fanfalaki cikin awa 4 sai ya riƙe kusan kilomita 10 da rabi a awa tun daga farko har ƙarshe. Manyan injina da yawa kuma suna ajiye lissafin awannin da suka yi aiki da nisan da aka yi a kansu, kamar mitar mota, don haka mai cewa kayansa ba su daɗe ana amfani da su ba, a ce ya buɗe wannan lissafin a gani.

Da na kira mutumin bai musa komai ba, kuma nan ne gwanintarsa take. Ya ce kuskure aka yi wajen lodi, injin wani kwastoma ne aka kawo mini, za a zo a canza. Ya ja ni da wannan har mako uku, sannan ya toshe lambata. Sai a lokacin na gane dalilin kawo mini wannan gwangwanin. Ba don ya rage mini asara ba ne. Inda na fara kai kuka, tambayar farko da aka yi mini ita ce, "To amma ai ya kawo maka kaya ko?" Da zarar an kawo maka wani abu, ko da tarkace ne, maganar ta tashi daga zamba ta koma kamar saɓanin ciniki, kai kanka sai ka yi ta jira kana sa rai, kwanaki suna tafiya, kuɗin kuma an riga an kwashe su daga asusun. Da injin da bai kai na banza ba ya sayi wata guda na shiruna.

Shagon da ya nuna mini a bidiyo ma na gano shi daga baya, ta hanyar wani da ya gane wurin. Ba nasa ba ne. Yakan shiga ne a matsayin mai saye, ya ce zai nuna wa maigidansa kaya, ya yi ta zagayawa da waya. Saurayin awon kuma da aka same shi ya rantse cewa shi aikin yini aka ɗauke shi, aka ba shi riga da kuɗin acaɓa. Allah ne masani.

Don haka wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya yi irin jiran da na yi. Ranar da ka fara zargi, ranar za ka je bankinka da rasit ɗin tiransifa ka shigar da koke a rubuce, don tun kuɗin suna cikin asusun ake da damar yin wani abu. Kada ka goge hirarku, da saƙon murya, da hoton tallar. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda, EFCC ma tana da ofis a Kaduna, akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Wanda bai tura ba tukuna, ya duba sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya ga ko sunan ya yi daidai da na asusun da aka ba shi. Ni da na duba, bayan aikin gama ya gama, babu ko mai kama da shi. Kaduna kuma kusan kilomita 80 ce daga nan, Kano ma ba nisa. Ka je da takalmin gudunka, ka hau injin a gaban mai shi, ka kai shi kilomita 12 a awa na minti 10, ka sa a buɗe maka murfi ka karanta farantin moto da idonka.

Wani abin haushin shi ne, rabin aikin garejin ba ya ma bukatar wani kamfani. Daga baya magini na unguwarmu ya fasa mini tagogi biyu masu kallon juna, kafinta ya buga silin, mai aikin lantarki ya ja layi na daban da soket mai amfiya 15 ya kuma yi masa atin, wato wayar da ake binnewa a ƙasa don kada wuta ta ja mutum. Wannan ba ado ba ne. A titi iska ce ke busar maka da gumi, a cikin ɗaki babu ita, mai gudu kuwa yakan zubar da gumi lita ɗaya a awa ko fiye. Ka kwatanta hakan a ƙarƙashin kwano tsirara a watan Afrilu. Fanka mai ƙarfi a gabanka ta fi madubi amfani sau goma. A bar fili kamar mita 2 a bayan injin, don in ka zame kada ya maka ka da bango. Janareta kuwa, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kada a kuskura a tayar da shi a cikin garejin ko a bakin tagarsa. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, mai haki kuma ya fi kowa zuƙarta. Ƙaramin janaretan nan na fitila da talabijin ma ba zai ja injin gudu ba, kada wani ya ruɗe ka.

Ban kama suna ba saboda maganar tana hannun hukuma, kuma sunan ba shi da amfani: sau uku ke nan yana canza shi a iya sanina, lambar waya da ta asusu ma haka. Abin da bai canza ba shi ne hoton. Gareji ne mai bango shuɗi, da baƙin injin gudu a dama, da jan keke a hagu, da dogon madubi wanda kusurwarsa ta ƙasa ta ɗan tsage. Idan ka ƙura ido a cikin madubin za ka hango taga, a bayanta kuma dusar ƙanƙara ce kwance a kan wata mota. A ƙarƙashin hoton an rubuta wai aikin da suka kammala ne a GRA Zariya.