Bashin mota a wani banki na Yamai: tarar da ba a ambata ranar sa hannu

Shekara biyu ke nan ina biyan bashin motar da na saya ta hannun wani banki a nan Yamai, kuma ba ni da ƙorafi kan yadda aka karɓe ni da farko. Cikin mako uku takardu suka kammala, aka ba ni jadawalin biya na wata 48, aka kuma rubuta mini jimillar kuɗin ruwa da na hidima, abin da ma'aikatan banki ke kira TEG. A nan ba su kauce wa ƙa'ida ba, domin abin da suka ɗora mini bai kai kashi 15 cikin ɗari a shekara ba, wato iyakar da hukumomin kuɗi na yankin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin CFA, suka gindaya wa bankuna, wadda ta fara aiki a 2014.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar cire kuɗi. An sa mini 25 ga wata, alhali albashina ba ya shigowa sai wata ya kusa ƙarewa. A watan da ya makara, na'urarsu ta nemi kuɗin ba ta samu ba, aka ci ni tarar jika 15. Bayan kwana uku ta sake nema, aka sake ci na wata tarar, sannan aka ƙara da kuɗin ruwan jinkiri. Laifi ɗaya, horo uku, kuma ko saƙon waya ba a aiko mini ba.

Da na je reshensu, ma'aikaciyar ta buɗe yarjejeniyar, ta ɗora yatsa kan wani layi mai ƙananan haruffa da Faransanci a shafin ƙarshe, ta ce: "Malam, ai ka sa hannu." Gaskiyarta, na sa, sai dai babu wanda ya karanta mini wannan layi a ranar da ake ta yi mini fara'a. Abin da ya fi tarar damuna shi ne jin cewa ana aika bayanin jinkirin ga ofishin tattara bayanan masu bashi, inda sauran bankuna za su iya ganinsa idan na nemi lamuni gaba.

Sai da na rubuta takardar koke, na yi sawu biyu, kafin suka mayar mini da tara ɗaya, suka kuma matsar da ranar zuwa 5 ga wata, gyaran da bai ɗauke su minti goma ba.