Ibufurofen ko man kanumfari: wanne ya fi kwantar da ciwon haƙori?

Sannu ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. Tsakanin ibufurofen da man kanumfarin da kake tambaya a kansu, ɗauki ibufurofen, in dai ba ka da gyambon ciki ko ciwon ƙoda.

Haƙorin da ke zogi da dare har ya hana barci, galibi kogo ne ya ci ya kai ga jijiya. Ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna cin sukarin da ya rage a baki, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye farin ɓawon haƙorin, sannu a hankali har ramin ya isa tsokar ciki, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Tsokar nan in ta kumbura ba ta da wurin buɗawa, don bango mai tauri ne ya kewaye ta. Shi ya sa kake jin yana bugawa tare da zuciyarka, kuma da ka kwanta jini ya ƙaru a kai, sai abin ya ƙara tsananta. Ibufurofen kumburin nan yake ragewa, can ciki inda audugar man kanumfari ba ta isa.

Ni ba na rasa shi a gida tun daren da turmina na ƙasa ya tasa ni gaba. Ina zaune bakin gado riƙe da muƙamuƙi, ko magana ba na iya yi, maiɗakina ta tashi ta matsa mini sai da na ɗan taɓa abinci, sannan ta miƙo mini ƙwayar da ruwa. Kafin awa ta cika bugun ya lafa. Barci ya ɗauke ni a jingine, ta bar ni haka da matashi biyu a baya, kuma ɗaga kan ma ya taimaka.

Babba yana shan miligiram 200 zuwa 400 bayan cin abinci, da tazarar awa 6 zuwa 8, kada ya wuce 1,200 a awa 24 sai da umarnin likita. In bai isa ba ana haɗa shi da farasitamol, shi kuma iyakarsa miligiram 4,000 a awa 24. Mai juna biyu da mai gyambon ciki su tsaya kan farasitamol kaɗai.

Man kanumfari kuwa, ba zan ce ƙarya ba ne. Akwai sinadarin yujinol a cikinsa mai sa wuri ya yi dundurus, har likitocin haƙori suna amfani da shi a cikon wucin gadi. Amma iyakarsa inda ya taɓa, ba ya jimawa ciwon ya dawo, kuma zallarsa yana ƙona dasashi. Kwalbar da na saya tana nan, ko rabi ba ta yi ba. In shi kaɗai ka samu, ɗiga kaɗan a auduga ka ɗora kan haƙorin, ban da dasashi, ka kuma ɓoye shi daga yara, don in suka sha yana illata hanta. Ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na gishiri ka kurkure baki ya fi mini shi kwanciyar hankali. Asfirin ma kada ka danna shi a kogon, ƙuna yake bari.

Ba ka tambaya ba, amma yi hattara da masu sayar da ɗigon da wai yana fito da tsutsa daga haƙori. Babu wata tsutsa a haƙorin mutum. Abin da suke nuna maka da shi suka zo. Haka mai kantin da zai ƙirgo maka ƙwayoyi tsirara, ba kwali ba ranar lalacewa, ya cusa maka antibayotik a ciki don kuɗin ya ƙaru. Antibayotik ba ya kashe zogi, ba ya toshe kogo, likita ne ke rubuta shi in mugunya ta fara yaɗuwa.

Ka sani fa ba kowane ciwo ne kogo ba. Haƙori na iya tsagewa, dasashi na iya ruɓa, turmin ƙarshe da ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25 na iya rasa wuri, har mura mai toshe kogon hanci tana sa haƙoran sama ciwo. Sai an duba, wani lokaci an ɗauki hoto, ake rarrabewa. Don haka sha ibufurofen ka samu barci, ka nemi likitan haƙori cikin kwana biyu, tun ana iya ciko ko cire jijiyar a bar maka haƙorinka. Ko ciwon ya ɗauke da kansa ka je, don sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ruɓar tana nan. In kuwa kumatu ya kumbura, zazzaɓi ya shigo, ko haɗiya da numfashi suka fara wuya, kada ka jira gari ya waye, tafi asibiti.