Gargaɗi ga masu sayen zinari: damfarar ruwan gwaji na kuza

Jama'a, musamman mahaƙa da dillalan zinari, a yi hattara da masu yawo da kwalbar ruwa mai launin ɗorawa, suna cewa zinari ne aka narkar da asid. Za su ɗiga shi a kan auduga, su ƙara ɗigon ruwan gwaji, nan take wurin ya koma shunayya, sai a fara ciniki.

Gwajin kansa gaskiya ne. Ana narkar da kuza a asid ɗin haidurokulorik, misali giram 2 a cikin mililita 30, a samu ruwa garai, ba shi da launi ko kaɗan. In ya haɗu da narkakken zinari sai ya fitar da shi ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya rabewa, su ne ke ba da shunayyar. Sauran ƙarafa masu daraja launinsu daban ne: filatinam kan ba da ruwan goro, faladiyam kuma kore mai duhu.

To ina cutar take? A audugar. Tun daga gida aka taɓa ta da ɗan narkakken zinari aka shanya. Abin da ke kwalbar kuwa yawanci tsatsar ƙarfe ce a asid, ita ma ɗorawa take yi. Ka zo da audugarka da ruwan gwajinka: in ƙarfe ne, ɗorawar za ta dushe, shunayya ba za ta fito ba. Ko ta fito ma, kar ka yi rawar jiki, don zinarin da bai kai a ɗora a sikeli ba ya isa ya rina auduga. Launi ba ya faɗin giram nawa ke ciki.

Akwai kuma masu saye da ke juya abin. Ruwan kuza in ya daɗe yana shan iska mutuwa yake yi, sai a gwada kayanka da shi a ce babu komai, a karɓe a arha. Ragowar asid ɗin naitirik, ɗaya daga cikin waɗanda ake narkar da zinari da su, a cikin samfurin ma kan hana launin tsayawa.

Saboda haka ka jefa ɗan gutsuren kuza cikin kwalbar ruwan gwajinka, ka toshe ta sosai don kar ya mutu. In ruwan ya yi fari-fari kamar tsinkakken koko, asid ya yi masa kaɗan, sake haɗa wani. Kafin kowane ciniki ka fara gwada shi a kan narkakken zinarin da ka tabbatar da shi. A yi aikin a fili da safar hannu, hayaƙin asid ɗin yana cin huhu.