Cokalin WHS ko na Marshalltown: wanne ɗalibi zai saya kafin ya tafi tonon kayan tarihi?

Takardar da ake aiko wa ɗalibin da aka ɗauka aikin tonon kayan tarihi a ƙasar waje takan zo da jerin abin da zai taho da shi: takalmi mai ƙwari, hula mai faɗi, safar hannu, gorar ruwa. Diga da shebur da baro da bokiti, masu aikin ne ke bayarwa. Abin da kusan ko'ina ake cewa ka zo da naka shi ne cokali, irin na magina amma ƙarami, mai tsini a baki. Shi ne zai wuni a hannunka awa shida zuwa takwas kowace rana, makonni a jere, don haka ba kayan da za a saya da ka ba ne.

Suna biyu ne suka mamaye wannan fage. WHS na Ingila ne, haruffan kuma sunan tsohon kamfanin William Hunt and Sons ne, wanda yanzu yake hannun Spear & Jackson na Sheffield. Wanda masu tono ke nufi idan suka ce WHS shi ne mai inci 4, wato kusan santimita 10. Marshalltown kuwa na Amurka ne, sunan garin da kamfanin yake ne a jihar Iowa, inda ya fara aiki a 1890. Samfurin da aka fi sani shi ne 45-5, tsawon bakinsa inci 5, faɗinsa inci 2 da rabi.

Kafin a zo ga bambancinsu, ga abin da ya haɗa su, wanda kuma shi ya sa suka fi na bakin kasuwa. Dukansu ƙira ɗaya ce: bakin cokalin da wuyansa da tsinken da ya shige cikin mariƙi duk daga guntun ƙarfe guda aka buga su. Mai araha, walda ake yi a manna wuyan a kan bakin, ko a ɗaure da ƙusoshi biyu. Magini mai shafa siminti ba zai ga illar haka ba, domin abu mai laushi yake turawa. Mai tono kuwa kankarar ƙasa yake yi da gefen cokali, nauyin hannunsa duka yana sauka a daidai mahaɗar nan. A busasshiyar laka, cokali mai walda bai cika daɗewa ba, sai ka ga mariƙi a hannu, baki a ƙasa. Araha ba ta ado. Idan za ka saya, juya shi ka duba inda wuya ya haɗu da baki: in ka ga kumburin walda ko kan ƙusa, ajiye shi.

WHS gajere ne, mai kauri, ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Amfanin wannan sai an durƙusa a rami ake ganinsa. A Ingila da yawancin wuraren da suka ɗauki tsarinta, akan buɗe fili mai faɗi, a jera ɗalibai sahu ɗaya a kan gwiwa, kowa ya riƙe faɗin kamar mita ɗaya. Ana kwantar da gefen cokalin a karkace, a jawo shi zuwa jiki, a kankare milimita kaɗan, a tara ƙurar a gaban gwiwa, a kwashe da ƙaramin shebur zuwa bokiti, sannan a ja da baya. Baya-baya ake tafiya don kada a taka inda aka riga aka share. Manufar ita ce launin ƙasa ya fito sarai, a ga inda baƙi-baƙin da ya cike tsohon rami ko gurbin ginshiƙi ya rabu da ƙasar da ke kewaye da shi. Cokali mai tauri yana yanke saman laka ya bar ta fes. Mai lanƙwasa tsalle yake yi a kan tsakuwa, ya shafe laka kamar man shanu a kan burodi, iyakar da ake nema ta ɓace.

Akwai kuma maganar ji a hannu, wadda sabon shiga ba ya yarda da ita sai ya kwana biyu. Ƙarfe mai kauri yana isar da abin da ya taɓa har cikin tafin hannu. Dutse ƙara yake yi mai kaifi, tsingaro sautinsa a dushe, toka da gawayi kuwa sai ka ji cokalin ya nutse ba turjiya. Sau da yawa hannu ne ke fara gane an shiga sabuwar shimfiɗar ƙasa kafin ido. A tsarin da ake bi a Ingila, kowace shimfiɗa da kowane rami lambarsa daban da takardarsa daban, kuma daga waɗannan lambobi ake zana jadawalin abin da ya riga wani, wanda masanin tonon kayan tarihi Edward Harris ya ƙirƙiro a 1973 yana aiki a garin Winchester na Ingila. Ɗalibin da ya zarce iyaka bai sani ba ya cakuɗa kayan zamani biyu a jaka ɗaya, kuma babu mai iya raba su daga baya. A nan WHS ya ci kuɗinsa.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Sabon WHS yana zuwa da gefe mai dakushi, sai ya yi kwanaki yana cin ƙasa kafin ya yi daɗin aiki. Ba ya yanke saiwa da kyau. Kuma gajartarsa na sa gaɓoɓin yatsu su riƙa gogar duwatsu, musamman wajen share gindin bango.

Marshalltown ya fi tsawo, ya fi siranta, yana ɗan lanƙwasa. Ya dace da yadda ake yawan aiki a Amurka: ramuka masu kusurwa huɗu, mita ɗaya a mita ɗaya, ana sauka santimita 10 a kowane mataki, ana tankaɗe duk ƙasar da ta fito a rariya mai ido rubu'in inci. A irin wannan rami ana son bango ya miƙe sak, kusurwa ta fita, ƙasa ta kwanta daidai. Shi ya sa masu tono a can ke wasa gefen cokalinsu da magagari har ya yi kaifi, suna aske ƙasa sala-sala, suna datse ƙananan saiwoyi ba tare da sun tumɓuke bango ba. A yashi da ƙasa mai laushi babu kamarsa, kuma wajen gyara fuskar bango kafin a zana ta ya fi WHS nesa ba kusa ba. Amma kai shi laka mai duwatsu ka gani: ƙarin incin nan guda yana nufin wuyan hannu ne ke biyan bashin kowace turjiya, zuwa yamma sai ka ji shi yana zafi. Sannan kada ka isa wurin tono a Ingila da cokali wasasshe ba ka tambaya ba. Shugabannin ramuka da dama ba sa so, domin kaifi na yanka tsingaro mai taushi ya kuma karce ƙashi.

Ƙashi dai ko da wane cokali ba a kusantarsa. Da zarar ya bayyana, a ajiye ƙarfe a ɗauki tsinken gora ko na katako da ƙaramin buroshi, saboda karcen ƙarfe na iya rikita mai nazari ya ɗauka sawun wuƙar mutanen da ne. Haka nan ba a sa tsinin cokali a ɓanɓaro abu daga ƙasa, komai kyansa. Ana share kewayensa ne, a kira mai kula da rami, a auna, a ɗauki hoto, sannan a ɗaga. Wannan ɓanɓara ita ce kuma ke karya tsinin Marshalltown.

Batun mariƙi: dukansu ana samun na katako da na roba mai laushi. Na roba ya fi sauƙi ga hannun da bai yi kanta ba, bororo ba ya saurin fitowa. Na katako ya fi daɗewa, kuma ana iya sassaƙa suna a jikinsa. Matsalarsa ɗaya, idan ya sha ruwa ya bushe sau da yawa yakan saki, bakin ya riƙa juyawa. Maganin gaggawa shi ne a tsoma shi a bokitin ruwa ya kwana, katakon ya kumbura ya kama. Wanda zai yi aiki a Girka ko Jodan ko kudancin Italiya, inda ake fita rami da asuba a tashi wajen ƙarfe ɗaya saboda rana, a koma wankin tsingaro da la'asar, gara ya ɗauki na katako. Gumi na sa roba santsi.

Cokali ɓata yake yi fiye da yadda yake karyewa. Ana kiran hutun shayi, ɗalibi ya jefa shi a bokiti, wani ya juye bokitin a baro, baro ya tafi tudun ƙasar da aka kwashe. Launin katako da na ƙasa kuwa ɗaya ne. Naɗa wa mariƙin tef ja ko ruwan lemo tun kafin ka bar gida. Aro ma ba ya daɗi, domin kowane cokali yana cinyewa ne ta gefen da mai shi ke kankara da shi, na bahago ba ya zama a hannun mai dama. Tsofaffin ma'aikata za ka ga nasu ya ƙanƙance ya koma kamar ganye, kuma ba sa ba da shi.

Wajen tafiya, sa shi a babbar jakar da ake aunawa, kada ya shiga ta hannu, don masu binciken filin jirgi na iya karɓe shi. In za ka dawo ko ka wuce wata ƙasa, wanke shi tas har cikin mahaɗar mariƙi, ka shafa masa ɗan mai saboda tsatsa. Ostareliya da Niyu Zilan da Amurka suna tsaurara bincike a kan kayan da ke ɗauke da ƙasar wani wuri, takalmi ma bai tsira ba.

Ga ɗalibin da zai je Ingila ko wani wuri a Turai, ko bai san irin ƙasar da zai tarar ba, WHS mai inci 4 da mariƙin katako ya fi dacewa: ba ya saurin karyewa, yana koya wa hannu bambance ƙasa, kuma babu shugaban ramin da zai ce a mayar da shi jaka. Wanda makarantarsa ta Amurkawa ce, ko aka gaya masa yashi zai tona, ya sayi Marshalltown 45-5 da ƙaramin magagari. Mai halin sayen biyu ya riƙe WHS don kankara, ya ajiye ɗayan don ranar gyaran bango da ɗaukar hoto.